Hukuncin Haɗa Ƙananan Tankokin Yaƙi na Roba da 'Yan Sojojin da Ake Jerawa a Gefensu

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, akwai wani abu da nake ɗebe kewa da shi idan na tashi daga aiki. Nakan sayi kwali mai ɗauke da gutsattsarin roba na kamfanoni irin su Tamiya da Airfix, in yanke su, in manna da gam, in yi musu fenti, har su zama ƙaramar tankar yaƙi ko motar sojoji irin ta Yaƙin Duniya na Biyu. Yawanci ma'aunin 1/35 nake haɗawa, wato an rage girman komai sau 35. Yanzu ina so in shirya ƙaramin filin daga a kan katako, na gumurzun Kursk da aka yi a Rasha a 1943, da tankar T-34 ta Tarayyar Sobiyet da tankar Tiger ta Jamus, da ramuka da ciyawa. Sai dai a cikin wasu kwalayen akwai 'yan sojoji na roba, tsawon kowanne bai wuce santimita 5 ba. Wani abokina ya ce duk gumaka ne, mala'iku ba sa shiga ɗakina. Wani kuma ya ce kayan wasa ne kamar 'yar tsanar Nana A'isha. Malam, ina gaskiyar take?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kowanne daga cikin abokan naka ya riƙe wani gefe na magana ya saki ɗayan. Abin da ke cikin kwalin nan kashi biyu ne, kuma shari'a ta raba hukuncinsu tun kafin a ƙirƙiro roba.

Tanka da mota da igwa da jirgi, duk babu laifi a haɗa su, a yi musu fenti, a ajiye su, a sayar da su. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wajen Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa sana'ar hannunsa ita ce abincinsa, kuma surori yake yi. Ɗan Abbas ya gaya masa abin da ya ji daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa wanda ya suranta sura za a azabtar da shi har sai ya busa mata rai, alhali ba zai iya ba. Mutumin ya firgita, fuskarsa ta canja. Sai ɗan Abbas ya ce masa, idan lalle sai ka yi, to ka yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. A kan wannan mazhabobi huɗu suka tafi. Mujahid, almajirin ɗan Abbas, shi ne kaɗai aka ambata ya ƙi surar itace mai 'ya'ya, kuma malamai ba su bi shi a kai ba. Tanka ƙarfe ce da ɗan Adam ya ƙera. Wanda ya kwaikwaye ta, aikin maƙeri ya kwaikwaya. Haka ramukan da ciyawar da rusasshen gini da tsatsar da kake shafa wa sarƙar ƙafar tanka don ta yi kama da wadda ta sha taɓo. Ɗakin da waɗannan kaɗai ke ciki bai shiga hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura ba, domin surar da ake nufi ta mai rai ce. Salla ma ta inganta a cikinsa, sai dai kada ka jera su a gabanka ta alƙibla su ɗauke maka hankali, tunda Annabi ya mayar da mayafi mai zane ga Abu Jahm saboda ya shagaltar da shi a salla.

Inda maganar take da nauyi shi ne wajen ɗan sojan nan.

Malaman Malikiyya su ne suka fi sauƙi a babin surori, har zanen da ke kan takarda ko bango ba su kai shi ga haramci ba, sun tsaya a karhanci. Amma ko su sun haramta surar da ta tara abubuwa uku: ta zama ta mai rai, mutum ko dabba, ta zama mai jiki da inuwa, kuma gaɓoɓinta su cika. Haka Shaihu Dardir ya bayyana a babin walima, kuma ya ambaci ijma'i a kan irin wadda aka yi da abu mai daɗewa. To duba sojan da ke hannunka. Mutum ne, yana tsayawa da ƙafafunsa, yana da inuwa, an fitar masa da hanci da kunne da yatsu har da lanƙwasar riga, kuma da roba aka yi shi, wadda za ta fi mai ita daɗewa a duniya. Babu sharaɗin da ya rage.

Za ka iya cewa ai kamfani ne ya zuba shi, kai mannawa kawai ka yi. Wannan uzurin ba ya tsayawa idan aka duba yadda aikin yake. Sojan yakan zo ne a warwatse a jikin firam ɗin roba: kai daban, hannaye daban, gangar jiki daban. Kai ne za ka ɗauki kan da hantsaki ka ɗora a wuya, ka shafa launin fata, ka sa bakin siririn buroshi ka ɗiga ƙwayar ido. Masu wannan aikin da kansu sun san fuska ce ma'aunin gwaninta, kuma burinsu mai kallo ya ce kamar zai yi magana. Kafin ka taɓa shi tarkace ne, a hannunka ya zama sura. Saboda haka haɗa cikakken soja da fente shi yana cikin surantawar da aka hana, ajiye shi don ado kuma yana cikin abin da hadisin mala'iku ya ƙunsa. Doki ma haka, kuma ina ambatonsa ne domin rundunar Jamus ta dogara ƙwarai da dawaki wajen jan kaya da igwa a wancan yaƙin, shi ya sa ake samun su a irin waɗannan kwalaye.

Ƙanƙanta ba ta canja hukuncin. Gaskiya ne Hanafiyya sun yi rangwame a surar da ta yi ƙanƙanta har wanda ke tsaye ba ya iya bambance gaɓoɓinta idan tana ƙasa, amma rangwamen nasu a kan salla da ita ne da ajiye ta, ba a kan ƙera ta ba. Imam Nawawi kuwa, da yake bayanin haramcin, har dirhami da dinari ya lissafa, ga su kuwa ba su kai tafin hannu ba. Ko ka koma ma'aunin 1/72, inda soja bai kai santimita 3 ba, kana nan dai kana fitar masa da fuska.

Hujjar abokinka na biyu hadisi ne ingantacce. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta kasance tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi. Abu Dawud ma ya ruwaito cewa Annabi ya ga doki mai fukafukai a cikinsu, ya tambaye ta, ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba, sai ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz kuma ta ce sukan yi wa yara abin wasa na ulu ranar Ashura don su manta da yunwa. Daga nan jamhur, wato mafi yawan malamai, suka togace kayan wasan yara. Sai dai dalilin togaciyar yarinta ce da tarbiyya, kuma abin wasan yaro ana jifa da shi, ana taka shi, yana kwana a ƙarƙashin gado. Naka kuwa babban mutum ne ya ɓata makonni a kansa, ya sa shi a akwatin gilashi, idan yaro ya miƙa hannu a daka masa tsawa. Wanda aka hana yara taɓawa ba a kiransa abin wasan yara.

Duk da haka filin dagar taka ba ta rushe ba. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna Mala'ika Jibrilu ya ƙi shiga gida saboda mutum-mutumi, ya ce a yanke kansa ya koma kamar itace. Soja marar kai ya fita daga haramci a wajen kowa, ko da yake na san babu mai son jera irinsa. Mafi kyau ka bar sojojin a jikin firam ɗinsu. Tankar da ke tsakiyar wuta rufe murafanta take yi, don haka rufaffiyar T-34 ba ta saɓa wa tarihi ba. Motar da aka gudu aka bari, ƙofa a buɗe, hular kwano a ƙasa, jarkoki da buhunan yashi da waya mai ƙaya, da sawun takalma a cikin laka, ta isa ta ba da labarin abin da ya faru.

Akwai mas'ala ɗaya da ke da saɓani na gaske. Wasu kwalaye na zuwa da kwamanda rabin jiki, wanda ake dasawa a bakin murfin tanka. A ƙa'idar Malikiyya, da abin da Ibn Ƙudama ya faɗa a Hanbaliyya, surar da ta rasa abin da ba a rayuwa sai da shi, kamar ƙirji ko ciki, ta fita daga hanin. Rashin hannu ko ƙafa kaɗai bai isa ba. Wasu malamai kuwa sun ce muddin kai yana nan sura tana nan, suna kafa hujja da hadisin Jibrilu. Abin da nake gani shi ne, wanda ya tsaya a ƙirji babu ciki, ba zan ce da mai shi ya yi haram ba, amma barinsa ya fi kuɓuta. Ka lura, cikakken sojan da aka cusa ƙafafunsa cikin tanka bai zama rabi ba, ɓoye shi kawai aka yi.

Sai tambarin da ake mannawa. Motocin Jamus na ɗauke da baƙin gicciye mai farin gefe, wanda asalinsa ke komawa ga gicciyen mayaƙan Kirista na zamanin da. Ba kowane layi biyu da suka gitta ne gicciye ba, amma wannan an san tushensa, kuma Bukhari ya ruwaito daga A'isha cewa Annabi ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Ka bar wannan sitikar a takardarta, lambar tanka ta wadatar. Tambarin 'yan Nazi kuwa, ita kanta Jamus dokarta ta hana baje shi a bainar jama'a, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa saka shi a kwali. Sha'awar injin da sanin tarihi halal ne. Idan abin ya zarce zuwa ƙaunar waɗanda suka yi wa miliyoyin mutane kisan gilla, to aya ta 113 a Suratu Hud ta hana karkata ga azzalumai. Yaƙin nan na 1939 zuwa 1945 ya ci rayuka fiye da miliyan 50, kuma wanda ke fentin ƙonanniyar tanka ya kamata ya tuna mutane ne suka ƙone a cikin ta gaske.

Game da lokaci da kuɗi, hutun halal ba laifi ba ne, Annabi ya ce da sahabinsa Hanzala sa'a da sa'a, wato lokaci na ibada, lokaci kuma na hutu. Iyakarsa kada ya ci salla, ko haƙƙin iyali, ko ya zama tara kwalayen da ba za a taɓa haɗa su ba, wannan ɓarnar dukiya ce. Sayen kwalin da sojoji suka biyo tanka a cikinsa ya halatta, tunda tankar ce abin nufi. Kwalin da babu komai a ciki sai sojoji, ba ka da buƙatarsa.

Abu na ƙarshe, wanda ba ka tambaya ba amma ya fi saurin ɓata maka ibada: gam mai kamawa nan take da fentin mai suna bushewa a yatsa su zama ɓawo, ruwa ba ya ratsa su. Launin da ya rine fata kawai ba ya hana alwala, amma mai kauri dole a kankare shi kafin a yi ta, musamman gefen farce. Ka duba hannunka kafin kowace salla, ka kuma buɗe taga lokacin aiki, domin tururin gam da na ruwan tsinka fenti yana cutar da ƙirji.

Wallahu a'alam.