Tambayi Likita: Tarin jini, amma an ce ba tibi ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan shekara 24 ya fara da wasu jajayen ɗigo-ɗigo a ƙafa, daga idon sawu har cinya, ga ciwon gwiwa da murɗar ciki. Bayan mako biyu sai tari, har da jini a kakinsa. Sau biyu ana gwada kakin, babu tibi. An ƙara masa jini leda biyu, aka ce wai jijiyoyin jininsa ne suka kumbura. Me ya haɗa ƙurajen ƙafa da huhu? Daga yayarsa, Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya haɗa su shi ne ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda ko silin gashi ya fi su kauri. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far musu, sai su kumbura su riƙa yoyo. A fata yoyon ne kika gani. Ki danna ɗigon da gindin kofin gilashi, ba zai ɓace ba. A huhu kuwa jinin na tsiyaya ne cikin 'yan buhunan iska, shi ya sa numfashi ke sarƙewa, jini ya yi ƙasa.

Yadda kika zayyana ya fi kama da nau'in kumburin jijiyoyin jini da ake kira IgA, wanda ya fi kama yara, kuma da wuya ƙwarai ya taɓa huhu. Wani nau'in da ake kira ANCA ne ya fi yin haka, don haka ki tambaya ko an yi masa gwajin jini na gano shi. Kada raguwar jini a kaki ta ruɗe ku: kusan ɗaya cikin uku na masu wannan zubar jinin ba sa tofar da jini ko kaɗan.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ƙoda ce, domin ita a ɓoye take lalacewa. A riƙa duba fitsarinsa, a ga ko akwai jini ko furotin.

Magani a asibiti ake yi: methylprednisolone ta jijiya, sau da yawa a haɗa da cyclophosphamide ko rituximab. Daidai aka yi da aka fara kawar da zargin tibi, domin waɗannan magunguna na danne garkuwar jiki. Don Allah kada a sayo masa diclofenac ko ibuprofen a kemis saboda gwiwa, suna illa ga ƙoda. Kuma ba a ɗaukar cutar, ba sai an ware masa kofi da kwano ba.