Amsoshin Tambayoyinku: Rabuwar Ninki da Rabuwar Ragi

Wata ɗalibar sakandare daga Gwale ta rubuto: "Malam, kullum ina rikita maitosis da mayosis. Ba su da suna da Hausa ne?"

'Yata, ba laifinki ba ne, sunayen ne suka yi kama a kunne. Dukansu Girkanci ne. Na farko daga kalmar zare aka ciro shi, Bajamushe Walther Flemming ya raɗa shi a 1882, domin ya ga wasu abubuwa kamar zarurruka a cikin ƙwayar halitta tana shirin rabuwa. Na biyu ma'anarsa ragewa, a 1905 aka sa masa wannan suna. Ni rabuwar ninki da rabuwar ragi nake ce musu.

A ninki, ƙwaya ɗaya ce ke zama biyu, a jikin ɗan Adam kowacce da zare 46 cif kamar uwarta. Da shi jariri ke girma, da shi yankan wuƙa a yatsa ke cikowa ya warke. Ragi kuwa sai a inda ake samar da maniyyi da ƙwan mace: a rabu sau biyu a jere, a sami huɗu, kowacce da 23. Uwa ta kawo 23, uba ya kawo 23, ɗa ya tashi da 46. Da ba a yi ragin ba, da 92 zai tashi.

Tunda mun zo nan, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ka kunna rediyo, za ka ji an kira ƙwayar kanta "ƙwayar halitta", zaren cikinta "ƙwayar halitta", umarnin gadon da ke jikin zaren shi ma "ƙwayar halitta". Abu uku, suna ɗaya! Ta yaya yaro zai gane? Hausa ba ta talauce haka ba, ƙyuya ce kawai. Zaren nan da ake kira kromozom tun 1888, fassararsa "jiki mai launi", saboda ba ya fitowa sosai a madubin bincike sai an rina shi. Je ki marinar Ƙofar Mata ki ga marini ya tsamo zare daga ramin baba, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Mutanen da suka san rini irin wannan sani ba za su rasa sunan abin ba. Mu ce zaren gado, mu bar wa ƙwaya sunanta.

Wani malamin firamare daga Fagge ya ce: "Me ake nufi da 'kama da wane ba ta wane'?"

Malam, kamanni ba ya mai da mutum ya zama wanda ya yi kama da shi. Dubi wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya: hanci iri ɗaya, amma kowa da fuskarsa. A rabuwar ragi, zaren da mutum ya gada daga uwarsa da na ubansa suna haɗuwa su yi musayar guntaye kafin su rabu, shi ya sa kowane ƙwai da irin kasonsa.

Daga Kurna an tambaya: "Rabuwa za a ce ko rarrabuwa?"

Rabuwa. Rarrabuwa sai an watse kashi-kashi, ita kuwa ƙwaya gida biyu take yi kowane karo.