Karatun ɗaukar fim da sarrafa haske a jami'a: ina ake yi, me ake koya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Argungu. Ina so in karanci ɗaukar fim da sarrafa haske a jami'a. Ina zan nufa, me zan ƙaru da shi, kuma sai na sayi babbar kyamara tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar sayen kyamara. Yawancin abin da ke ɓata hoto daga haske yake, kuma a kansa karatun zai fi tsayawa.

Wurin da ya fi shahara shi ne Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, mallakar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda ke ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. A garin kuma akwai Kwalejin Talabijin ta NTA. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta rarraba kwas ɗin aikin jarida gida-gida, fim ya samu nasa. Kafin ka cike JAMB, taka da ƙafarka ka ga ɗakin ɗaukar makarantar, ka ƙirga fitilun da ke aiki, ka tambayi ɗalibai mutum nawa ke raba kyamara ɗaya. Sunan kwas a takarda ba ya kunna fitila.

Farkon abin da za ka koya shi ne auna haske da mataki. Kowane mataki ninki biyu ne. In ka ja fitila daga mita 1 zuwa mita 2, hasken da ke sauka a fuska ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato mataki biyu sun tafi. Daga nan sai tsarin fitilu uku: babba a gefe, kamar digiri 45 daga kyamara, ƙarama mai rage inuwa, da ta baya mai raba mutum da bango. In babbar ta fi ƙaramar da mataki ɗaya fuska za ta yi laushi, in aka kai uku ta yi nauyi irin na tashin hankali.

Ɗauki ango da farar babbar riga da azahar. Ka saita don fuska, shadda ta ƙone fari fat, aikin wuya ya ɓace. Ka saita don riga, fuska ta nutse ƙarƙashin inuwar hula. Maganinsa shi ne ka juya shi rana ta koma bayansa, ka auna a kan rigar, sannan yaro ya riƙe farin kwali daga ƙasan ƙirji ya mayar da haske fuska. Baƙar fata ta fi son faffaɗan haske mai laushi, don haka fitila ta ratsa farin yadi kafin ta iso ta. A bakin kogin Matan Fada kuwa, inda ruwa ke ƙara walƙiya, in kana kan ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) 800 da shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/50 na daƙiƙa kana son f/4 (faɗin buɗewar idon kyamara), sai ka sa gilashin rage haske na ND mai kusan mataki 8.

Sai launi. Da Kelbin ake auna launin haske: tsohuwar fitilar tangistin 3200 ce, hasken rana 5600. Ka haɗa su a ɗaki ɗaya, rabin fuska ja rabi shuɗi. Ko ka rufe taga, ko ka daidaita fitilar da rana.

Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ake ɗauka da firem 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, da shota 1/50. Kyamarar da aka saita wa tsarin Amurka tana zuwa da 1/60, nan ne za ka ga hoto na ƙyafta ido. Janareta in gudunsa ya yi sama da ƙasa ma yana jawo haka, musamman da fitilun LED masu araha. Lissafin wutar da kaya ke ja ma darasi ne: fitila mai wat 2000 tana jan kusan am 9 (am ma'aunin wutar da ke bin waya ne), biyu a soket ɗaya mai am 13 sun ƙona fiyus ke nan.

Kafin a fara ɗaukar ɗalibai, zaunar da ƙanenka kusa da taga, ka ɗauke shi da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, ka rubuta saitin kowanne a littafi. Ka maimaita da hazon hunturu ka kwatanta.