Amsa: -ig ko -lik a ƙirƙirarren harshe mai tsarin harsunan dangin Jamusanci

Ɗan'uwa, ka ce kana gina harshe irin Folkspraak, wanda mai jin Jamusanci, Holanci, Suwidanci ko Ingilishi zai gane ba tare da dogon karatu ba, kuma kana neman ɗafa-ƙeya guda ɗaya da zai riƙa mayar maka da suna ya koma sifa. Shawarata kada ka tsaya a kan guda. Riƙe -ig da -lik duka biyun, don kowanne da aikinsa.

-ig yana nuna abu na ɗauke da abin da saiwar ta ambata: a Jamusanci blutig mai jini ne, sonnig mai rana. Holanci da Suwidanci ma -ig suke rubutawa, Ingilishi ne ya yar da g ɗin ya bar -y, kamar a bloody. Shi kuwa -lik daga tsohuwar kalma mai ma'anar jiki ko siffa ya fito, shi ya sa yake nuna kama ko dacewa: freundlich a Jamusanci, vriendelijk a Holanci, vänlig a Suwidanci, friendly a Ingilishi, duk ma'anarsu mai halin aboki. A kalmomin lokaci za ka ga amfanin raba su ƙarara. A Jamusanci dreitägig abu ne da ya ɗauki kwana 3, dreitäglich kuma wanda ake maimaitawa duk bayan kwana 3. Ka haɗe su, wannan bambanci ya tafi.

Wajen rubutu, -lik za ka sa, ba -lig na Suwidanci ba. Matsalar tana wajen saiwar da ta ƙare da l. Mai koyo ya ga heilig (mai tsarki), ba zai san heil da -ig ba ne ko hei da -lig. Jamusanci kansa ya rikice a nan, don billig na yau billich ne a da. Kuma k ɗin ba zai cece ka ba sai ka tsayar da furuci: a kudancin Jamus da Ostiriya ana furta -ig kamar -ik, to da baki ruɗanin ya dawo ke nan. Ka rubuta a nahawunka cewa g na ƙarshen kalma g ne.

Kada ka kwaso sauyin wasali na Jamusanci. Kraft (ƙarfi) na komawa kräftig, amma Blut (jini) na nan blutig, sai dai mutum ya haddace su ɗaya bayan ɗaya. Holanci na cewa krachtig, Suwidanci kraftig, saiwa ba ta motsa ba. Bi nasu.

Akwai kuma ɗafa-ƙeyar -isk (-isch a Jamusanci, -ish a Ingilishi): ka bar shi ga sunayen ƙabilu da ƙasashe, irin dansk (na Denmark) da svensk (na Suwidan). In ka ɗora shi a kan sunan da ke nuni ga mutum, kamar Kind (yaro) na Jamusanci, yakan ɗauko raini: kindlich halin yarinta ne mai kyau, kindisch wauta ce.

Mai jin Ingilishi zai riƙa ɗaukar duk -lik a matsayin bayanau saboda -ly. Ka faɗa tun a darasin farko cewa sifa tsurarta ita ce bayanau, yadda Jamusanci da Holanci suke yi.

Kafin ka rufe doka, gwada ta a kan sunaye kamar 40, kuma ka tabbata akwai masu ƙarewa da l, g da k a cikinsu, domin a nan haɗin yake fara cijewa.