Amsa ga Kawu: Inda Ake Neman Takardun Karayar Arziki a Karkarar Amurka

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayarka ta iso ni game da mutumin da ka ba kaya bashi, wanda ya aiko maka da cewa ya kai kansa kotu a nan Amurka ya bayyana karayar arziki, kana kuma so in je kotun gundumar da yake zaune in duba ko maganar tasa tana da tushe. Ko na je ba zan tarar da komai a can ba, kuma wannan ba zai zama hujjar cewa ƙarya ya yi maka ba.

Dalili shi ne tsarin mulkin Amurka ya ɗora wa majalisar dokokin tarayya yin dokar karayar arziki, saboda haka kotunan tarayya ne kaɗai ke sauraron irin wannan shari'a, kamar yadda a Najeriya ma hurumin Babbar Kotun Tarayya ce. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 1978 ce, an kuma yi mata babban gyara a 2005. Jihar Kansas, inda muke zaune, tana da gundumomi 105, amma kotun karayar arziki ɗaya ce tak, da ofisoshi a Wichita da Topeka da Kansas City, babu ko ɗaya a yammacin jihar inda gonakin alkama da mayankan shanu suke. Mutumin Garden City, hedkwatar gundumar Finney, sai ya yi tafiyar fiye da mil 200 kafin ya kai ofishin Wichita. Abin da ke ofisoshin gunduma shi ne rajistar filaye da gidaje, takardun jingina, shari'un gado, da hukuncin da kotun jiha ta yanke wa wanda aka kai ƙara kan bashi. Waɗannan ma suna da amfani gare ka, domin daga nan ne ake gane ko gidan da mutum ke taƙama da shi nasa ne ko kuwa banki ya riga kowa riƙe shi.

Ba sai an yi wannan doguwar tafiya ba. Kotunan tarayya suna da rumbun takardu a intanet mai suna PACER, kuma kowa yana iya yin rajista ya bincika. Tun 2012 ake cajin senti 10 a kowane shafi, takarda ɗaya ba ta wuce dala 3, sannan ana yafe kuɗin ga wanda abin da ya duba cikin wata uku bai haura dala 30 ba. Wanda ya je ofishin kotun da ƙafarsa zai duba a kwamfutarsu kyauta. Inda mutanenmu ke shan wahala shi ne wajen suna, domin wanda duk gari ya sani da laƙabinsa ko sunan kasuwarsa, kotu ba ta san shi ba sai da abin da ke rubuce a fasfonsa, ga kuma Muhammad da ake rubutawa ta hanyoyi da dama. Lambar shari'ar ta fi komai sauƙi, kuma mai gaskiya ba zai ƙi ba ka ita ba. Tsofaffin shari'u da aka rufe tun kafin zamanin kwamfuta kuwa suna ɗakunan ajiyar gwamnatin tarayya, waɗanda aka zaɓa don adana su dindindin suna reshen ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kansas City ta jihar Missouri.

Idan har ya shigar da ƙarar, abu na farko da ya wajaba ka sani shi ne daga ranar doka ta ɗaure hannun duk mai bin sa bashi. Kiran waya, ko tura wani ɗan'uwa a nan ya je ya matsa masa, na iya jawo wa mai yi tara. Hanyar da ta rage ita ce ta kotu. Akwai fom mai lamba 410 wanda mai bin bashi ke cikawa ya faɗi nawa yake bi, ya haɗa da shaidarsa, ba a kuma biyan ko sisi wajen shigar da shi. A shari'ar da aka shigar ƙarƙashin Babi na 13 na dokar karayar arziki, inda mai albashi ko sana'a ke biya kaɗan-kaɗan cikin shekara 3 zuwa 5, wa'adin kwana 70 ne daga ranar da aka buɗe ƙarar, ko da yake alƙali na iya ƙara lokaci ga mai bin bashin da aka aika wa sanarwar shari'ar a ƙasar waje. A Babi na 7 kuwa, inda ake sayar da abin da doka ba ta kare ba a raba wa masu bin bashi, galibi babu abin rabawa, kuma sanarwar kan ce kada a aiko da fom sai an nema. Ka tattara rasit, takardar dakon kaya, da saƙonnin wayar da ya amsa bashin a cikinsu. Ayar bashi ta Suratul Baƙara da ta ce a rubuta, mun fi kowa karanta ta, amma a nan ne ake ganin illar rashin aiki da ita.

Game da yadda shi mai bashin ke shigar da tasa, kuɗin Babi na 7 dala 338 ne, na 13 dala 313, na Babi na 12, wanda aka ƙirƙiro a 1986 domin manoma lokacin da gonakin wannan yanki suka yi ta durƙushewa, dala 278. Dole ya halarci zaman ba da shawara kan bashi cikin kwana 180 kafin ya shigar. Lauyoyi ta intanet suke aikawa, wanda ba shi da lauya kuma yakan aika ta gidan waya ko ya kai da hannu. Bayan 'yan makonni amintaccen da aka ɗora wa kula da dukiyar zai rantsar da shi ya yi masa tambayoyi, yanzu ta Zoom ake yi, kuma kai ma kana da ikon shiga daga Kano ka yi masa taka tambayar.

Ka tambaya ko mutanenmu ba sa jin kunyar wannan abu. Suna ji ƙwarai. Kafin Bahaushe a nan ya kai ga kotu, yakan fara da dattawan masallaci, a nemi masu bin sa su yi masa jinkiri, a yi masa karo-karo, ko a ba shi ɗaukar adashi kafin layinsa. Amma kuɗin asibiti a ƙasar nan, ko bashin babbar mota ga direban da aiki ya tsaya masa, yakan fi ƙarfin karo-karo. Inda na fi ganin haɗari shi ne wajen cika takardun, domin a kan rantsuwa ake lissafa duk abin da mutum ya mallaka a ko'ina cikin duniya. Filin da ya saya a gida, shanun da ya ba kiwo, kuɗinsa da ke cikin adashi, duk sai sun shiga, kuma ɓoye su laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Haka nan idan ya biya ɗan'uwansa bashi cikin shekara ɗaya kafin ƙarar, ko wani mai bin sa na daban cikin kwana 90, amintaccen kotu na iya neman a dawo da kuɗin a raba da kowa. Abin da mu muke ɗauka a matsayin kiyaye zumunci, doka tana kallonsa a matsayin fifita wani a kan wani. Wasu kuma kunya kan sa su ƙi rubuta sunan mutanen gida cikin masu bin su, wanda mai yiwuwa shi ya sa ba ka ga sanarwa ba.

Yafewar bashi da kotu kan yi masa a ƙarshen shari'ar tana hana ka tilasta masa, amma dokar kanta ta bar masa damar biya da son ransa bayan an gama, kuma abin da malamanmu a nan ke tunatarwa ke nan, bisa hadisin da ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. A ganina ka nemi haƙƙinka ta fom ɗin kotu, ka bar maganar alkawari tsakaninku har shari'ar ta ƙare. Ka aiko mini da cikakken sunansa yadda yake a fasfo, da lambar shari'ar in ya ba ka, domin in duba babin da ya shigar da ranar da wa'adinka zai cika.