Tankin tace ƙazamin ruwa yana wari: injin damawa za mu saya ko na hura iska?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne mai kula da gine-gine da gyare-gyare a wata makarantar kwana da ke bayan garin Gombe, mai ɗalibai kimanin 400. Ruwan banɗakuna da na wanka da na kicin duk yana fara zuba a ramin sokawe, daga nan ya wuce wani tankin siminti mai zurfin mita 3 da aka gina domin tacewa, amma ba a taɓa sa masa inji ba. Yanzu ruwan ya yi baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, har maƙwabta sun fara kawo ƙara. Wani dila ya ce mu sayi inji mai farfela da ake nutsarwa ya riƙa dama ruwan, wani kuma ya ce injin hura iska ne maganin. Ga shi wutar lantarki ba ta zama. Wanne ya kamata mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗi da ka faɗi zurfin tankin da yawan ɗalibai da halin wuta, domin a kan waɗannan ukun ne amsar za ta tsaya. A taƙaice, iska tankinku yake nema, kuma idan kuɗin inji ɗaya ne a hannu, na hura iska za a saya. Sai dai akwai sharaɗin da dole a cika kafin a biya ko kobo, kuma zan zo kansa.

Abin da ke tsabtace ƙazamin ruwa ba inji ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne da ke cinye dattin da ya narke a ciki. Masu saurin aiki daga cikinsu, waɗanda ba sa barin wari, da iskar oksijin suke rayuwa. Idan ta ƙare a ruwan, sai wasu ƙwayoyin da ba su buƙatarta su karɓi wurin, su kuwa aikinsu a hankali yake, kuma su ne suke fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke haɗuwa da ƙarfen da ke cikin ruwa ta mayar da shi baƙi. Saboda haka launi da warin da ka bayyana sun riga sun faɗi ciwon. Misalin tankinku misalin wutar maƙeri ce: ko an yini ana tona garwashin da tsinken ƙarfe ba zai yi ja ba sai an kama zugazugi. Injin da ake nutsarwa mai farfela tonon kawai yake yi, yana juya ruwa amma ba ya ƙara masa oksijin ɗin kirki. Idan aka jefa shi cikin wannan baƙin ruwa, abin da zai fara yi shi ne tayar da lakar da ta kwanta a ƙasa ya saki warin da ke danne, maƙwabtan da ke ƙara su ƙara.

Ba wai injin damawa ba shi da amfani ba. A manyan matatu akan ware ɗaki guda da ake son ƙwayoyin su yi aiki ba tare da iska ba domin su fitar da sinadarin naitirojin daga ruwa, kuma a can dole a riƙa juya ruwan a hankali, da gudun da ya kai kimanin mita 0.3 a daƙiƙa, don kada laka ta kwanta. Akan kuma sa shi a tankin tara ruwa kafin tacewa. Tankinku bai kai nan ba tukuna, ramin sokawe kuwa ba a dama shi sam, domin aikinsa shi ne ya bar datti mai nauyi ya kwanta. Iskar da ake hurawa daga ƙasan tanki tana yin ayyukan biyu a lokaci guda, tana ba da oksijin, kumfar da ke tasowa kuma tana juya ruwan. Wannan dabara ta hura iska cikin ƙazamin ruwa tare da riƙe lakar da ke ɗauke da ƙwayoyin ta daɗe, domin tun 1914 Edward Ardern da William Lockett suka bayyana ta bayan gwaje-gwajensu a matatar Davyhulme ta birnin Manchesta a Ingila.

Hanyoyin shigar da iska biyu ne a kasuwa. Ta farko inji ne da ke zaune a saman ruwa, yana bugun ruwan yana watsa shi sama ya ɗebo iska ya dawo. Irin wannan tsari ne, mai dogayen magudanai zagayayyu, ake amfani da shi a matatar Wupa da ke Abuja. Yana da sauƙin gyara tun da komai a waje yake, amma yana cin wuta, yana kuma watsa feshin ƙazamin ruwa, abin da ba zan so a kusa da ɗakin kwanan yara ba. Ta biyu ita ce injin hura iska da ke zaune a ɗaki a gefe, yana tura iska ta bututu zuwa wasu faya-fayai da aka shimfiɗa a ƙasan tanki, kowanne an rufe shi da fatar roba mai dubban ƙananan huji. Ƙwayar kumfar da ke fita daga irin wannan faifai ba ta wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kuma ƙanƙantarta ita ce sirrin, domin tana tasowa a hankali, ruwa yana samun lokacin tsotsar oksijin daga jikinta. A ruwa mai tsabta irin wannan kumfa tana ba da kimanin kashi 6 cikin 100 na oksijin ɗinta a kowace mita ta zurfi, manyan kumfa kuwa, irin na bututun da aka huhhuda da ƙusa, da ƙyar suke ba da rabin haka. Zurfin mita 3 ya isa a yi amfani da faya-fayan, kuma su nake ba ku shawara.

Yanzu ga lissafi, wanda ya kamata ka riƙe a hannu kafin ka zauna da dila. Mu ɗauka kowane ɗalibi yana zubar da dattin da ya kai giram 40 a rana bisa ma'aunin da ake kira BOD, mai auna datti da yawan oksijin da ƙwayoyin ke ci a kansa cikin kwana biyar, wato kilo 16 ke nan ga mutum 400. Cinye wannan sarai yana buƙatar oksijin kamar kilo 24. Sai kuma amoniya, wadda mafi yawanta daga fitsari take, kuma kowane kilo na naitirojin ɗinta yana cin oksijin kilo 4.6, abin da zai ƙara kamar kilo 15. Jimla kusan kilo 40 a rana. Sokawe yana rage wani abu daga cikin wannan, amma gara a bar shi a matsayin rara. Kowace mita kubik ta iska tana ɗauke da oksijin kimanin giram 280, sai dai a ƙazamin ruwa mai sabulu, mai ɗumi, a zurfin mita 3, abin da zai shiga ruwan bai fi kashi 8 cikin 100 ba, ko da takardar kamfani ta rubuta 18, domin su a ruwa mai tsabta mai digiri 20 suke gwadawa. Idan aka raba, ana buƙatar iska kimanin mita kubik 1,800 a rana, wato 75 a kowace sa'a idan injin yana aiki dare da rana. Injin da zai tura wannan zuwa ƙasan mita 3 dole ya iya matsin da ya kai miliba 400, tun da kowace mita ta ruwa tana danne shi da kusan miliba 100, ga kuma jan bututu da na faifai. Ƙarfinsa zai kama kilowat 1.5 zuwa 2. Wannan ƙiyasi ne na fara magana, a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji a tabbatar. Ina jaddada gwajin musamman a Gombe, inda wurare da yawa da tanka ake sayen ruwa ana tattalinsa, domin ƙarancin ruwan wanki da na kora yana sa ƙazamin ruwa ya fi kauri fiye da yadda littattafai suke ɗauka.

Zafin garin ma yana da nasa. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe oksijin miligiram 9 a lita, amma a digiri 30 bai fi 7.5 ba, alhali a ɗumin ne ƙwayoyin suka fi ci da sauri. Injin da ya wadatar a Disamba yana iya gazawa a Maris da Afrilu, don haka a auna shi da bazara.

Sharaɗin da na ambata shi ne wuta. Oksijin ba ta ajiyuwa a ruwa. Abin da ake nema a tanki miligiram 2 ne a lita, kuma da zarar inji ya tsaya, cikin 'yan mintuna ƙwayoyin sun shanye shi. Tsayawar sa'a ɗaya ko biyu ba ta ɓata komai, amma idan kullum tankin zai kwana babu iska, to zai riƙa komawa gidan jiya, kuɗin inji ya tafi a banza. Wannan ne ya sa nake ƙin shawarar da aka saba bayarwa, wai a sayi babban inji ya rama in an kawo wuta. Ba ya ramawa. Ƙaramin inji da makaranta za ta iya ciyarwa dare da rana ya fi babba mai aikin sa'a shida. Injin kilowat 2 yana cin yunit 48 a yini da kwana, sai ku zauna da shugaban makaranta ku ga ta ina za su fito: sola da rana, janaretan da ake kunna wa ɗalibai da dare, batir ya cike giɓin tsakar dare. Na fi son a sayi ƙananan injuna biyu maimakon babba ɗaya, ta yadda za a haɗa su da asuba da bayan magariba lokacin da ruwa ya fi zuba, a bar ɗaya da tsakar dare da lokacin hutu, kuma idan ɗaya ya tafi wurin mai naɗin koyil tankin ba zai mutu ba. Idan kuka duba kuka ga wutar ba za ta samu ba, to ku faɗa wa kanku gaskiya ku bar batun inji. In akwai fili, tafkunan tacewa masu zurfin mita 1 zuwa 1.5, inda gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana, sun dace da ƙasarmu ƙwarai, muddin an kewaye su da shinge saboda yara, an kuma hana ciyawa fitowa a bakinsu saboda sauro.

Akwai kuma abin da dilolin biyu ba su faɗa maka ba. Ƙwayoyin da za ku raina a tankin suna taruwa su zama laka mai launin ƙasa-ƙasa, kuma idan ruwa yana fita ana cikin hura iska, tare da shi za su fice. Dole a sami ƙaramin ɗaki a gaba inda lakar za ta kwanta a riƙa mayar da ita baya, ko kuma a sa agogon da zai tsayar da iska na kamar sa'a ɗaya, laka ta kwanta, a zuƙe tatacce daga sama, sannan iska ta dawo. Haka nan a sa raga a mashigar ruwa domin ledar fiya-wata da tsumma da audugar mata, a kuma gina tarkon mai a bakin kicin, saboda man gyaɗa da manja suna toshe hujin faifai kuma suna lalata robar EPDM da aka fi yin su da ita. A gargaɗi masu wankin banɗaki su rage zuba bilic da maganin kashe ƙwayoyi, domin ba ya bambanta mugu da mai amfani.

Wajen kafawa, a ɗora injin sama da bakin ruwa kuma a sa bawul mai hana komowa, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta ƙazamin ruwa zai biyo bututu ya shiga cikinsa. Iskar da ke fita daga injin da zafi take, har bututun ba ya taɓuwa da hannu, don haka mitocin farko su zama na ƙarfe kafin a haɗa na roba. A daidaita faya-fayan a tsayi ɗaya, a gwada su da ruwa mai tsabta da ya rufe su da taƙi guda kafin a cika tanki. Idan komai daidai ne za ka ga saman ruwan yana tsastsafo da ƙananan kumfa ko'ina bai ɗaya, inda kuwa ka ga wuri guda yana tafasa yana bulbulowa, fata ta yage ko haɗi ya kwance. Da hunturu a riƙa buɗe filtar iska kowane mako. Za ka same ta ta yi fari fat da ƙura, kuma toshewarta ita ce ke sa inji ya yi zafi ya ƙone.

Tankin zai ɗauki makonni kafin ya kama, kuma farin kumfa mai yawa a kwanakin farko ba matsala ba ce, alamar lakar ba ta girma ba ce. Gwajin da za ka iya yi da kanka shi ne ka ɗebi lita ɗaya daga tankin ana cikin hura iska, ka zuba a gora mai haske, ka ajiye minti 30. Lafiyayyen tanki zai ba ka laka mai launin ƙasa ta kwanta a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na gorar, ruwan sama garau, ƙamshinsa kamar na ƙasar da aka yi wa yayyafi. Idan lakar ta haura rabi, lokacin rage ta ya yi. Ko ruwan ya yi garau akwai sauran ƙwayoyin cuta a cikinsa, don haka ban da sha, ban da alwala, ban da ban-ruwan latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye. Bishiyoyi za a ba, kuma kafin a saki wani abu cikin kwari a tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jiha, GOSEPA.

Kafin a shimfiɗa faya-fayan dole a kwashe baƙin ruwan da lakarsa, kuma nan ne nake roƙonka da babbar murya. Iskar nan mai warin ƙwai ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasan tanki take taruwa, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi alhali a lokacin ta fi kisa. A kira motar kwasar masai ta zuƙe, a bar tankin a buɗe ana hura masa iska, kuma kada lebura ya sauka sai da igiya a ƙugu da mutum biyu a sama. Idan wani ya faɗi a ciki, a jawo shi da igiyar, kada kowa ya bi shi.