Tambaya da Amsa: Hasumiyar Jirage a Cikin Ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kusa shekara ina tuƙa jirgin kwaikwayo a kwamfuta, har na yi rajista da VATSIM ina tashi daga Kano zuwa Abuja. Rannan na nufi Legas, sai wani ya karɓe ni da murya, ya yi ta ba ni umarni har na sauka lafiya. Tun ranar nake sha'awar kujerarsa. Ta ina ake farawa, wata nawa ake yi, kuma nawa ake biya?
Ɗalibi, daga Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da ta ƙarshe tunda ita ce mai sauƙi: ba a biyan ko kwabo. Wanda ya saukar da kai a Legas ɗan sa-kai ne, a ɗakinsa yake zaune, wataƙila ma ba a Najeriya ba. Haka wanda zai koyar da kai, haka wanda zai yi maka jarrabawa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka matsayi, ɗan damfara ne.

Saboda masu karatun da ba su san harkar ba: VATSIM dandali ne da aka kafa a 2001, inda masu tuƙa jirgin kwaikwayo ke haɗuwa ta intanet da masu kwaikwayon aikin kula da zirga-zirgar jirage, kowa na bin ƙa'idojin da ake bi a sararin samaniya na gaske. Akwai takwaransa IVAO, wanda ya girme shi, tun 1998. Ni a VATSIM na yi karatuna, don haka shi zan fi yi maka bayani.

Jirgi kowa na iya ɗauka bayan 'yar jarrabawar shiga, amma kujerar hasumiya sai da izini. Za ka nemi horo a reshen da ka yi rajista, Najeriya kuwa tana ƙarƙashin reshen Afirka kudu da Sahara ne, wanda ake kira VATSSA. Da farko kai ɗan kallo ne, kana iya buɗe manhaja ka ga jirage ka saurari rediyo, amma bakinka alaikum. Kar ka raina wannan zaman. Ni a nan na koyi fiye da rabin abin da na sani.

Daga nan matakan suna hawa ne kamar bene. S1 yawanci aikin ƙasa ne: ka duba takardar tafiyar matuƙi, ka ba shi izinin hanya, ka ba shi lambar da jirginsa zai riƙa bayyana da ita a allon rada, sannan ka bi da shi ta hanyoyin filin jirgi har bakin titin tashi. Lambar nan guda huɗu ce, kowacce daga 0 zuwa 7, kuma kusan kowane sabon ɗalibi sai ya taɓa ba da mai 8 a ciki an yi masa dariya. S2 shi ne hasumiya, mai iko da titin tashi da sauka. S3 shi ne mai tarbar jirage daga nesa yana jera su a layin sauka, yana raba tsakaninsu da tazarar ƙafa 1,000 a tsaye, ko mil 3 zuwa 5 a kwance, gwargwadon dokar wurin. C1 kuma shi ke riƙe da sararin yanki gaba ɗaya. Wanda ya hau kujerar yankin Kano da wannan matsayi, samaniyar Najeriya ce a gabansa, kuma idan babu kowa a kujerun ƙasa da shi, shi zai haɗa aikinsu duka. IVAO na da nasu sunayen, ADC da APC da ACC, amma benen kusan ɗaya ne.

Kowane mataki yana da karatu da jarrabawar rubutu, sannan zaman horo da malami. Akwai wata uwar garke ta daban, wato dandalin gwaji, da ake kira Sweatbox, ma'ana akwatin gumi, inda babu matuƙa na gaske. Malamin ne ke ƙirƙiro jirage yana tuƙa su, shi ne kuma muryar dukkan matuƙan. Zai fara maka da biyu, yana ganin ka saki jiki ya ƙaro shida, ya sa ɗaya ya yi kamar bai ji ka ba. Ba banza aka raɗa mata sunan gumi ba. Idan ya gamsu, sai a sake ka kan dandali na ainihi yana bayanka yana saurare, wani lokaci a ba ka izinin zama kai kaɗai na ɗan lokaci don hannunka ya faɗa. Ƙarshe sai jarrabawar aiki, inda ake shelanta rana matuƙa su taru su cika maka fili, mai jarrabawa na kallo bai ce uffan ba.

Ni a jarrabawar S2 ta farko na faɗi, kuma laifina ne. Lokacin hunturu ne, iska na busowa daga arewa maso gabas, don haka titi na 06, wanda ke fuskantar can, muke amfani da shi a Kano, domin jirgi iska yake fuskanta wajen tashi da sauka. Ina da jirgi ɗaya yana gangarowa, saura kamar mil uku. Na ce wa wani da ke ƙasa ya tsaya a bakin titi kada ya shiga. Da ya maimaita mini umarnin, sai ya ce zai shiga titi ya jira. Ni kuwa hankalina na kan gyara takardar wani jirgin, kunnena ya ji murya amma bai ji magana ba. Kafin in ɗago kai jirage biyu na neman titi ɗaya. Na kori na saman ya sake zagayowa, ba a yi karo ba, amma aikin gama ya gama. Mai jarrabawar bai yi faɗa ba, ya dai nuna mini cewa ba da umarni rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ka ji an mayar maka da shi daidai. Sai bayan wata biyu na sake zama.

Kar ka ce ai wasa ne, me ya kawo wannan tsanani. Kalmomin da za a tilasta maka haddacewa an gaje su ne daga aikin gaske, wasunsu kuma da rayuka aka saye su. Ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin filin jirgin tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma rashin fahimtar juna a rediyo na cikin manyan dalilan. Bayan nan ne aka tsaurara cewa kalmar Turancin da ke nufin tashi ba ta fitowa daga bakin mai hasumiya sai lokacin ba da izinin tashin ko soke shi. Tun kafin nan ma an sauya wa lambobin Turanci lafazi, uku ta koma "tiri", tara ta koma "naina", don kada kunne ya ruɗe. Malaminka zai tsayar da kai a kan irin waɗannan har ka ji haushinsa.

Batun wata nawa kuwa, ba karatun ke cin lokaci ba, jiran malami ne. Malamai kaɗan ne, kowa da aikinsa da iyalinsa, a manyan rassan Turai mutum kan yi watanni a layi. Kuma kar ka ce za ka karɓi S1 yau gobe ka gudu wani reshe mai cunkoso, akwai dokar sai ka yi awa 50 a matsayinka, kwana 90 kuma sun wuce. Gaskiyar da zan gaya maka ita ce filayenmu shiru suke. Na sha zama awa biyu a hasumiyar Kano ban ga ko jirgi ɗaya ba sai shayina da ya huce. Amma matuƙa suna duba taswira ne su nufi inda suka ga mai hasumiya, don haka idan ka riƙe dare ɗaya a mako ba fashi, za su gane ka, su fara zuwa.

TAMBAYA: Malam, yarona ya ce ya ci jarrabawar kula da jirage ta intanet, yana raba dare a kanta. Shin wannan shaida za ta sa a ɗauke shi aiki a filin jirgi, ko ɓata lokaci yake yi?
Mahaifi, daga Maraɗi

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Shaidar nan ba ta wuce ƙofar dandalin ba, babu hukumar da za ta karɓe ta a matsayin lasisi. A Nijar hanyar aikin ita ce makarantar EAMAC da ke Yamai, ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta ƙasashen Afirka da dama, kuma da jarrabawar gasa ake shiga. A Najeriya kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya ce, wadda aka kafa a 1964, hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, ke ɗaukar ma'aikatan, hukumar sa ido kan sufurin jiragen sama, NCAA, ke ba da lasisi. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce sai mutum ya kai shekara 21, ya ci gwajin lafiya na ido da kunne da sauransu, Turancinsa kuma ya kai mataki na 4 cikin 6.

Amma ban yarda ɓata lokaci ba ne. Yaron da ya saba karanta rahoton yanayi na filin jirgi, ya saba magana da baƙo a rediyo ba tare da muryarsa na rawa ba, ya riga sa'o'insa nisa ranar da suka shiga aji. Ga ɗan Nijar da ya yi boko da Faransanci ma, Turancin da yake sha a nan riba ce babba. Sai dai makarantun nan sakamakon lissafi da kimiyya suke dubawa kafin komai. A yanka masa dare biyu a mako, sauran na littafi ne.

TAMBAYA: Kwamfutata tsohuwa ce, wuta kuma ba ta zama a unguwarmu. In haƙura?
Wata mai karatu, daga Gusau

AMSA: Kar ki haƙura, 'yar'uwa. Mai hasumiya ba ya buƙatar manhajar tuƙin jirgi mai cin ƙarfin kwamfuta. Manhajar EuroScope da masu hasumiya ke amfani da ita kyauta ce, a kan Windows take aiki, kuma tsohuwar kwamfutar cinya na ɗaukarta. Data ma ba ta ci kamar bidiyo. Abin da ba a wasa da shi shi ne abin sawa a kunne mai makirfo mai kyau, da layin da ba ya yankewa. Idan wuta ta ɗauke kika ɓace, matuƙa za su koma mitar rediyo ta gama-gari, 122.800, su riƙa sanar da juna inda suke, babu wanda zai kama ki da laifi. Ranar jarrabawa ce kawai ba ta son haka. Ni ranar zamana na biyu sai da na cika batirin kwamfuta, na ari wayar matata mai layin wani kamfani na ajiye a gefe, na kuma roƙi yara su tafi gidan kakarsu har bayan isha'i.